Inci Arba'in da Uku

Ranar Juma'a bayan la'asar
na gangara Haraj da riyal ɗari shida a aljihun ciki,
ladan ɗinkin abaya goma sha tara,
ban da wadda aka dawo min da ita.

Bayamalen ya shafa kwalin kamar mai tallan rago.
Ya ce, "Inci arba'in da uku, siririya kamar faifai.
Ba ka san sunan kamfanin ba, to sai me?
Duk rijiya ɗaya suke ɗiba."
Na taya ɗari biyar, ya yi albarka.
Sai da na kai layin masu fanka ya kira ni:
ɗari biyar da hamsin, waya kyauta.
Na ce garanti fa?
Ya nuna sama da yatsa.

Hawa huɗu na hau da ita a Hindawiyya,
gumin Jidda na bin bayana har ƙugu.

Na jona. Shiru.
Ko ɗan jan idon nan bai buɗe ba.
Goggo Tasalla, daga kan darduma,
ba ta ko waiwayo ba: "Araha ba ta ado."

Ukasha na hawan ƙasa ya zo da sukundireba a kunne.
Ya ce gidan nan ya girme mu duka,
wuta iri biyu ce a bangonsa:
wannan soket ɗari da goma,
mai ƙarfin tana bayan firij.
Muka ja firij, kyankyasai uku suka yi ƙaura.
Ta kama.

Sai dai shuɗi, shuɗi zalla,
da ɗan rubutu yana yawo kusurwa zuwa kusurwa
kamar baƙon da ya ɓata a filin jirgi.
Na hau rufi. Tattabaru sun mai da dish gidan haya.
Ina juyawa, Ukasha na ihu ta taga:
"Kaɗan! Ka wuce! Dawo!"
har ladan ya raba mu.

Ashe dish ba shi da laifi.
Nusaiba, 'yar shekara tara, ta ɗauki rimot,
ta danna sau biyu, ta ajiye.
Waya tana rami na biyu,
mu muna ta sallama a ƙofar na ɗaya.

Mutane suka fito gajeru, masu faɗi kamar randa.
Ita ta miƙar da su.
Baki yana riga murya da taku guda,
wannan kam ya gagare mu, mun bar shi.
Akwai ɗigo kore a saman dama.
Goggo ta goge shi da bakin mayafi, ta sa yawu,
yana nan har gobe.

Ƙarfe tara muka kamo tashar gida.
Mai labaran da ta saba gani
shekara da shekaru a tsohuwar akwatinmu mai ƙusumbi,
wanda take ce wa yaron nan,
ya fito tar, kamar a taɓa shi.
Ga furfura ta leƙo ƙarƙashin hula,
ga layu uku a goshi,
ga fatar wuya ta saki.

Goggo ta matso har numfashinta ya yi hazo a gilas.
Ta ce, "Ashe shi ma."
Ta soma lissafi da gaɓoɓin yatsu,
daga shekarar da suka sauka da Malam
da niyyar wata biyu.
Yatsun suka ƙare, ta sake zagayowa.

Ta ce a kashe.

Baƙin gilas ya nuno mu:
ita, ni, Nusaiba da rimot a cinya,
keken ɗinki a baya,
fanka na juyi a kan kawunanmu.
Ba wanda ya ce uffan.
A ƙasa mai gas yana buga tukunya.

Can ta gyara zama, ta ce, "Kunna.
Mu ji ko an yi ruwa a gida."